Ƙarfen Marigayi Yana Neman Ɗan Haya

Maitumbi, Minna
Ƙarshen Yuni

Yaya Maliki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki da zaman Legas, da fatan kunnen nan naka bai ƙara nauyi ba. Mu nan da sauƙi, yara suna lafiya, sai dai gidan ya yi mana girma tun ranar da aka fita da mai shi. Ta'aziyyarka ta iso ta hannun Dawuda mai motar doya, haɗe da shinkafa, Allah ya bar zumunci. Na ɗauki waya in kira ka, sai na tuna yadda muka kwashe wancan karon, ina gaya maka Baban Mubina yana asibiti, kai kuma kana ta ce mini madalla. Shi ya sa na ari biron yara. Duk lokacin da Dawuda zai gangara da kaya zan ba shi takarda, kai ma ka ba shi amsa idan zai hauro.

Maganar ƙarfe ce ta sa ni rubutu, dogon ƙarfen sadarwar nan da marigayi ya kafa a kan tudun bayan unguwa, bakin hanyar Kuta. Ba sai na kwatanta maka ba, da hannunka ka ɗaure shi gaɓa-gaɓa. Ka san kuɗin sallamarsa daga aikin jirgin ƙasa kaf a can suka tafi, ina faɗa yana dariya, wai gona ce ya yi wa 'ya'yansa mata, wadda ba ruwanta da taki. To, gonar ta daina ba da komai. Kamfanin masu gadin da ke biyan haya sun sauke kayansu tun kafin ya kwanta ciwo. Bai gaya mini ba, daga bakin Ndatsu, tsohon da ke gadin wurin, na ji.

Ƙaninsa Aliyu ya zo bayan addu'ar bakwai. Kada ka zaci zagin sa zan yi, bai yi mini rashin kunya ba, shi ma da nasa nauyin. Tunda mata biyu na haifa, yana da rabonsa a gadon, ƙarfe kuma ba gida ba ne da za a ce kowa ya ɗauki ɗaki. Abin da ya ce shi ne a jira in fita takaba. Idan kafin nan an samu ɗan haya mai biya, a bar ƙarfen a tsaye a riƙa raba abin da ya kawo. Idan ba a samu ba, a kira 'yan gwangwan su yanka su auna, kowa ya karɓi nasa.

Yaya, ba na so a yanka shi. Daga tsakar gida nake hango kansa idan ina shanya, kuma shi kaɗai ne abin da bai canza mini ba. Amma ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa, ina zan ga ɗan haya? Shago ne da zan ce maƙwabta su cigita mini? Ka gaya mini irin mutanen da ke hayar ƙarfe da hanyar da ake bi a same su.

Abu ɗaya ne ya rage a can sama, wata siririyar eriya ta 'yan sa-kan ƙauyukan wajen Kuta. Ita ke haɗa oba-obansu, rediyoyin nan na hannu da suke magana da juna, domin sabis ɗin waya ba ya kai musu. Marigayi ne ya ɗora musu don Allah. Shugabansu wani manomi ne, Isaiah sunansa, ya zo gaisuwa da doya ɗaure a bayan babur, a wannan watan da doya ke neman fin nama tsada.

Ka gaida mutanen gidanku.

Ni ce ƙanwarka kuma taubashiyarka,
Sharifa

Agege, Legas
Tsakiyar Yuli

Ƙanwata Sharifa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta same ni lafiya, tana ƙamshin doya da man dizal. Kunne yana nan yadda kika san shi, janaretocin masu kuɗi sun cinye rabi, sauran rabin na ajiye wa kiran salla. Allah ya jiƙan Alhassan, ya ba ki haƙurin rashinsa. Ki gaida Samira da Mubina, ki ce wa Samira ita ce babba, kada kuka ya hana ta karatu.

A lissafi zumuncinmu na nesa ne, kakarki da kakana ne ciki ɗaya, amma a gida ɗaya muka ci duka a Dutsen Kura, don haka zan gaya miki gaskiya ba kwana-kwana. Ban ga laifin Aliyu ba, ban kuma ji daɗin maganarsa ba. Ƙarfen nan ba na yarwa ba ne. Tudun da yake kai ma ya fi shi daraja, domin daga samansa ana ganin Minna kaf har a wuce, kuma wannan ganin shi ɗan haya ke saya, ba ƙarfe ba.

Manyan kamfanonin waya ki cire su daga ranki, suna da nasu. Ƙanana za a bi, gidajen rediyo masu zaman kansu, da masu sayar wa ofisoshi intanet, da bankuna. Samira ta ɗauki hoton ƙarfen ta kowane gefe, ta nemo takardun izini cikin kayan babanta, su bi ofisoshin ita da Aliyu. Ndatsu ya sare ciyawa, ya kula da jar fitilar sama kada ta mutu. Ɗan haya idan ya ga fitila a mace ba ya ma tambayar farashi.

Sai eriyar ƙauyawa. Na san Alhassan, wanda in ka roƙe shi riga zai tambaye ka ko a haɗa maka da hula. Amma saman ƙarfe shi ne ɗakin gaba, shi ake fara tambaya, kuma duk mai biya zai ce a sauke ta. Shawarata, kada ki ce musu komai tukuna, ki kuma ja wa Ndatsu kunne. Na yi aiki a ƙauyuka, na san abin da zai biyo baya. Suna jin ƙarfe na cikin matsala za su cika miki zaure da dattawa, a yi ta haɗa ki da Allah, ke kuma 'yar gidanmu ce, ba a koya mana cewa a'a ba. Ba su da abin biya. Da suna da shi, ba doya za su kawo ba. Ki karɓa ki yi godiya, ranar da ɗan haya ya sa hannu sai a aika musu.

Ki ci doyar ki murmure, da ma tun muna yara ba a barin ki kusa da turmin sakwara.

Yayanki,
Maliki

Maitumbi, Minna
Tsakiyar Agusta

Yaya Maliki,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan ruwan Legas bai shigo maka ɗaki ba, mu nan kullum sai ya yi. Mubina ta yi zazzaɓi amma ta miƙe. Zancen sakwara kuma ƙarya kake, kowa ya san wanda aka kama da malmala a aljihun wando.

Mun bi shawararka. Samira ta sha yawo a Keke Napep da ƙafa har takalminta ya tsinke, Aliyu ma ya rufe shagonsa ya raka ta, ba zan ɓoye alherinsa ba. Masu gidan rediyo sun ce suna so, amma ba kuɗi, sai dai su biya mu da talla. Na ce a tambaye su me zan tallata, takaba? Mutumin banki ya zo har gindin tudu, ya ga taɓo, ya dubi takalminsa, ya sa direba ya juya. Wani kuma allon tallan magi yake so ya rataya, Ndatsu ya ce iska ɗaya za ta kwantar da allon da ƙarfen gaba ɗaya.

Har na fara fid da rai, sai ga wata injiniya daga masu sayar da intanet, Kafayatu. Da yake mace ce, har ɗaki ta shigo, ta zauna a tabarma ta yi mini gaisuwa kamar 'yar gida. Ta ɗaura bel ta hau ƙarfen da kanta, unguwa ta fito kallo. Da ta sauko ta ce wanda ya ɗaure shi ya san aikinsa, na ce kada ta bari ya ji, kansa zai ƙara girma. Kamfaninsu zai kama na shekaru, abin da zai riƙe karatun yara har Aliyu ya samu nasa. Sharaɗi ɗaya ne, wanda ka faɗa. Sama suke so, kuma ba sa zama da kayan da ba su san mai shi ba. Na tambaye ta ko za a iya sassauto da eriyar ƙasa kaɗan. Ta ce ta duba tun tana can, idan aka sauko da ita duwatsu za su tare ta, ta zama ado kawai. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata.

A makon nan kuma Isaiah ya zo da sabuwar doya. Ya tsaya a zaure, ni ina bayan labule. Bayan gaisuwa ya ba ni labarin abin da ya faru a wajensu kwanan baya. Wani mai kamun kifi ya hango mutane a kan babura suna ƙetare rafi da bindigogi, ya gaya wa mai oba-oba, magana ta hau ƙarfenmu ta sauka a sauran ƙauyuka. Kafin su iso an kwashe mata da yara. An tafi da shanu, an ƙona rumbu, amma ba a rasa rai ba. Sai ya ce, da irin Hausarsa:

"Hajiya, maigida ya mutu amma karfe nasa yana magana. Yarana yana raye saboda shi. Kai ma Allah ya raya naka."

Maganar tana bakina, Yaya. Ina jin ta a kan harshe. Abin da ya fito shi ne, Allah ya ƙara tsarewa, a gaida gida. Ya tafi, na sa aka dafa doyar muka ci.

Da wane baki zan ce ya zo ya sauke? Ka ba ni amsa da wuri, wata yana gudu.

Ƙanwarka,
Sharifa

Agege, Legas
Ƙarshen Agusta

Sharifa,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. A tsaye nake rubutu a gefen motar Dawuda, yana ta yi mini hon, ni ma kuma jikin ba daɗi tun shekaranjiya.

Ki sa hannu. Irin wannan ɗan haya ba ya zuwa sau biyu, ni na sani. Alhassan ya yi kyautarsa da ransa da lafiyarsa, ladansa yana wurin Allah. Abin da ya bari yanzu ba nasa ba ne, ba kuma naki ba ne ke kaɗai, na marayu ne, ba a yin alheri da kayan marayu. Tsaron ƙauyuka ba a kan mace mai takaba aka ɗora shi ba. Kuma ki duba, idan kika ƙi, ƙarfen zai faɗi, eriyar ma ta faɗi tare da shi. Wa kika taimaka?

Ba sai kin gaya wa Isaiah da bakinki ba. Ki sa hannu tukuna, Aliyu ya aika masa daga baya.

Na san ki, taubashiya. So kike a ce matar Alhassan ma mutuniyar kirki ce kamar mijinta. An faɗa, mun ji, yanzu ɗauki biro.

Maliki

Maitumbi, Minna
Tsakiyar Satumba

Yaya Maliki,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fatan jikin da ka ce ya yi sauƙi.

Takardarka ta zo a kan lokaci, don haka ba zan ɗora wa Dawuda laifi ba. Kafayatu ta kawo takardun har ɗaki, ta miƙo mini biro. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, na maimaita wa kaina shi har na haddace. Amma da na sunkuya, sai na ga ranar da za a kwance eriyar, na ga mai kamun kifin nan yana danna oba-oba yana magana ba mai jin sa. Hannuna ya ƙi. Na roƙe ta ta ƙara mini lokaci, ko Allah zai kawo wata dabara. Ta ce za ta gwada.

Ba su jira ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sun samu wani ƙarfe a cikin gari, bai kai namu ba amma babu kowa a kansa. Ita da kanta ta zo ta gaya mini, ba ta aiko ba. Ta ce a wurin aiki sun yi mata dariya da ta ba su dalilina, ita kuwa ba ta yi dariya ba.

Na zaci Aliyu zai yi faɗa, har na shirya. Bai yi ba. Ya zauna a zaure ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya tashi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Babbar 'yarka Samira kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu, ta ajiye mini abinci ta fita. Ita ta sha ranar, tana da gaskiya.

Yanzu zan zo kan layinka na ƙarshe. Ka ce so nake a yabe ni. Yaya, wa zai yabe ni? Mutanen da na yi dominsu ba su ma san an yi ba, tunda ka ce in yi shiru na yi shiru. Isaiah ya sake zuwa, na ce masa komai lafiya lau. Wata uku ke nan ina cikin ɗakin nan da tufa ɗaya da carbi, ban ga titi ba, ban ga kasuwa ba, kai kaɗai nake buɗe wa cikina. Ban zaci haka kake kallona ba. Maganar ta yi mini ciwo, kuma har yau tana yi.

Sharifa

Maitumbi, Minna
Farkon Oktoba

Yaya,

Gaisuwa. Dawuda ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu banza. Ya ce ɗakinka a kulle, maƙwabcinka ya karɓi takardar. Idan fushi kake don na ƙi bin maganarka, ka yi fushin a rubuce, na fi gane shi. Ba wanda ya sake zuwa duba ƙarfe. Takaba ta kusa ƙarewa, Aliyu ya fara magana da wani dillalin gwangwan.

Sharifa

Agege, Legas
Tsakiyar Oktoba

Ƙanwata Sharifa,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki da yara. Ba fushi ba ne, taifot ne. Washegarin ranar da na rubuta miki aka kwashe ni zuwa asibiti, daga can wani abokin aiki ya kai ni gidansa na yi jinya. Jiya na dawo na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Na rame har wandona yana neman wani mai shi, amma na miƙe.

Layin nan da ya yi miki ciwo, wallahi tsokana ce irin tamu. A bakina da kin ga ina murmushi kin rama, a takarda kuwa babu fuska. Ban yi tunanin a wane hali za ki karanta ba. Ki yafe mini. Ban taɓa ɗaukar ki mai neman yabo ba, wauta dai na san kina da ita, irin ta mijinki, kuma saboda ita nake son ku duka biyun.

Da nake kwance na yi ta tuna lokacin da muka kafa shi. Alhassan tsoron tsayi yake, kin sani? Ko gaɓa ta biyu bai taɓa wucewa ba. Yana ƙasa riƙe da igiya yana ta yi mini addu'a da ƙarfi, ni ina sama ina ce masa ya rage murya yana firgita ni. Ranar da na ɗaura gaɓar ƙarshe ya tambaye ni me nake gani, na ce ina ganin layin dogo har inda ya ɓace. Ya ce to ya isa, wani ya gani a madadinsa. Ba ke kaɗai za ki yi rashin ƙarfen nan ba.

Na tambayi mutanen da na sani a nan, ba wanda ke neman wuri a Minna yanzu. Ki bar Aliyu ya yi abin da zai yi, kada gado ya raba ki da dangin yara. Abu ɗaya nake roƙon ki, don in sauƙaƙa miki. A gama ciniki gaban shaidu tukuna, sannan a aika wa Isaiah ya zo ya kwance kayansa. Idan ya ji tun yanzu za su zo roƙo, ki sake shiga abin da kika shiga, alhali ba abin da zai canza. Ki bar su su ji lokacin da magana ta riga ta mutu, kowa ya huta.

Idan na ƙara ƙarfi zan zo in gan ku.

Yayanki mai neman afuwa,
Maliki

Maitumbi, Minna
Farkon Nuwamba

Yaya Maliki,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Na yafe tun kafin in kai ƙarshen takardar, ni ma ka yafe zargin da na yi maka. Yara lafiya, ni da babbar mun shirya. Na fita takaba, an yi addu'a, na taka titi.

An yi yadda ka ce. An yi ciniki gaban liman da shaidu, dillali ya biya, an raba, kowa ya sa hannu. Sannan Aliyu ya ba wani direban Kuta saƙo, Isaiah ya zo ya kwance eriyarsa domin an sayar da ƙarfe.

Ranar da masu yanka suka zo na ce sai na je. Shekara nawa ina hangen tudun nan daga gida, ban taɓa hawa ba sai ran nan. Na tarar sun riga sun ɗaura igiyoyi, sun sauko da eriyar sun jingine ta a jikin ɗakin Ndatsu, sun fara kwance gaɓar sama. Muna tsaye sai ga babura sun hauro. Isaiah ne da dattawa huɗu, har da wani Bafulatani mai sanda. Na ce a raina ga roƙon da Yaya ya faɗa ya iso.

Ba roƙo suka zo yi ba. Isaiah ya gaishe ni, ya tambaya ko gaskiya ne don rashin ɗan haya aka sayar. Na ce gaskiya ne. Ya juya ya gaya wa dattawan da yarensu, sai na ga sun dubi juna. Sannan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Tun shekarar da aka ɗora eriyar, ƙauyukan suka yanka wa kansu kuɗin ƙarfe, kowane gida da abin da zai bayar bayan girbi, manoma da makiyaya. Suka kawo wa marigayi. Ya ɓata rai, ya ce shi ba ya sayar da ran mutane, idan suka sake zuwa masa da kuɗi zai sauke eriyar da hannunsa. Shi ya sa suka koma kawo doya, kuɗin kuma suke sayen batir da mai. Da ya rasu sun zauna a kan ko su zo mini da maganar haya. Dattawa suka ce a'a, ba a shiga gidan makoki da zancen kuɗi, kuma abin da miji ya ƙi, kai wa matarsa raini ne. Suka ce a jira in fita takaba, in akwai matsala ai zan faɗa. Isaiah kuma duk zuwan da ya yi, na ce masa lafiya lau.

Aliyu ya tambaye shi abin da suke iya tarawa. Da ya faɗa, sai Aliyu ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Bai kai na kamfanin Kafayatu ba, amma ya isa a bar ƙarfen a tsaye, kuma shi ne kawai abin da Aliyu ya nema tun farko.

Suka nufi dillalin gaba ɗaya, har da Aliyu, suka ce za a mayar masa da kuɗinsa da riba. Ya ce shi ma ya riga ya sayar wa wani mai walda a Kaduna, mota na hanya, kuma ƙarfen da aka fara kwancewa ba mai sake amincewa ya hau shi sai an kawo masana. Bai ɗaga murya ba, ya ba su haƙuri, yaransa suka ci gaba da aiki. Muna tsaye gaɓar sama ta sauko a kan igiya tana juyawa.

Isaiah ya ɗaure eriyar a bayan babur. Na tambaye shi inda zai kafa ta. Ya ce akwai wata doguwar ɗorawa a bayan ƙauyensu, za ta haɗa su da maƙwabta na kusa, na bakin rafi kuwa sai dai su koma aiken mutum da ƙafa. Ya hau babur, ya sake saukowa, ya zo gabana ya rage murya don kada dattawan su ji.

"Hajiya, ka nema mai haya ko'ina a Minna. Mu muna zaure naka kowane wata. Mun yi maka laifi ne, da ba ka tambaye mu ba?"

Na sunkuyar da kai, Yaya. Ya jira kaɗan, da ya ga haka sai ya ce ba komai, zai shigo ranar kasuwa ya gaishe ni da fita takaba. Ni har yau ban samo amsar ba. Idan kai kana da wadda zan ba shi, ka ba Dawuda ya taho da ita.

Ƙanwarka,
Sharifa